An rufe makarantar yaronka a Amurka: ina takardunsa za su tafi?

Tun da aka sanar da rufe ƙaramar sakandaren gwamnati da ke unguwarmu saboda ɗalibai sun yi ƙaranci, wani saƙon murya ke yawo a WhatsApp wai za a miƙa takardun yara ga jami'an shige da fice. Wata baiwar Allah ta tare ni bayan sallar Juma'a, wasiƙar makaranta a ninke a hannunta, ta ce: "Malam, gara in zaunar da shi a gida, kada a gano mu ta kansa." Raina ya ɓaci, domin zaunar da yaro shi ne zai jawo mata matsala, kowace jiha tana da dokar tilasta karatu.

Tun 1982 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Plyler da ta taso daga Texas, cewa ba a hana yaro makarantar gwamnati don ba shi da takardar zama. Rufe makaranta bai taɓa wannan haƙƙi ba.

Alƙaluman ɗaliban makarantu da ake gani a intanet, baƙaƙe kaza, Latino ('yan asalin Latin Amurka) kaza, masu koyon Turanci kaza, ƙidaya ce ba sunaye. Inda adadin ya yi kaɗan ma, a rahoton jarrabawa akan ɓoye shi don kada a gane yaro.

Dokar da ke tsare takardun ita ce FERPA, ta 1974. Ta shafi duk makarantar da ke karɓar kuɗin ma'aikatar ilimi ta tarayya. Iyaye na da ikon ganin fayil ɗin ɗansu cikin kwana 45, idan ya kai shekara 18 ikon ya koma hannunsa. Ana iya tura fayil ɗin sabuwar makarantarsa ba sai ka sa hannu ba. Kotu ma na iya nema, amma a ƙa'ida sai an yi ƙoƙarin sanar da kai tukuna.

Inda gizo ke saƙar shi ne sashen da ya ba makaranta damar ware wasu bayanai a matsayin na gama-gari: suna, adireshi, lambar waya, har rana da wurin haihuwa. Waɗannan tana iya bayarwa ba tare da izininka ba, muddin ta sanar kuma ba ka ƙi ba. Sanarwar kan zo cikin tulin takardun farkon shekara, da Turancin lauyoyi. Uwar da ta dawo daga aikin dare yaushe za ta tsaya karantawa? A ganina wannan ba adalci ba ne, shirun wanda bai gane ba bai kamata ya zama yarda ba. Ranar da ka kai yaro sabuwar makaranta, ka nemi fom ɗin ƙin amincewa ka cika, kuma ka nemi tafinta.

Hukuncin ma yana damuna. Idan makaranta ta karya dokar, kana da kwana 180 ka kai koke ma'aikatar ilimi, mafi tsananin abin da za ta yi shi ne yanke wa makarantar kuɗin tarayya. A 2002, a shari'ar jami'ar Gonzaga, Kotun Ƙoli ta ce wanda aka tona wa asiri ba zai iya kai ƙara da kansa a ƙarƙashin wannan doka ya nemi diyya ba.