Kiran Damuwa da Sunanta a Jinyar Tattaunawa

Kiran damuwa da sunanta wata dabara ce ta jinyar tattaunawa, inda masanin halayyar ɗan'adam ko ma'aikacin lafiya ke taimaka wa mutum ya faɗa da bakinsa abin da ke cin ransa: fushi ne, tsoro ne, kunya ce ko kewa. Aikin hawa biyu ne. Na farko samo sunan da ya dace, na biyu kuma gano ma'anar da mutum ya ba abin, wato me ya jawo shi a ganinsa, kuma me yake jin zai biyo baya. A Damagaram, kamar sauran ƙasar Hausa, da yawa daga masu damuwar rai kan zo asibiti ne da koken jiki, ciwon kai ko rashin barci, sunan damuwar kuwa sai daga baya yake fitowa.

Tarihi

Rarrabe halayen zuciya da sunayensu ya girmi ilimin halayyar ɗan'adam na zamani da ƙarnoni. A addu'ar da aka ruwaito daga Annabi (SAW) an nemi tsari daga "hammi" da "hazani" a matsayin abubuwa biyu, malamai da dama kuma sun yi bayanin cewa na farko zullumin abin da ke tafe ne, na biyu baƙin cikin abin da ya wuce. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rayu wajen 850 zuwa 934, ya yi rubutu kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya ware fushi da tsoro da baƙin ciki da waswasi, kowanne da hanyar jinyarsa. Baƙin cikin ma ya raba shi gida biyu: mai sanannen dalili, kamar rashin ɗan'uwa ko asarar dukiya, da wanda ke sauko wa mutum haka kawai. Na farko ya ce da magana da nasiha ake tunkararsa, na biyu kuwa yana bukatar maganin jiki. Masana na yau suna yawan komawa ga wannan rabe-rabe nasa.

A Turai ana danganta farkon lamarin da birnin Viyana. Tsakanin 1880 da 1882 likita Josef Breuer ya yi jinyar wata budurwa da aka sakaya sunanta da Anna O., ya lura cewa ciwonta na lafawa idan ta ba da labarin abin da ya faru tare da fitar da abin da ta ji a lokacin. Ita ce da kanta ta kira hanyar "jinyar magana". Breuer da Sigmund Freud sun wallafa bayanin a 1895, ko da yake masu tarihi na baya sun nuna cewa warakarta ba ta cika yadda aka ba da labari ba.

Carl Rogers na Amurka, a shekarun 1940 da 1950, ya mayar da hankali kan sauraro. A tsarinsa mai jinya yana maimaita wa mutum abin da ya fahimta daga maganarsa, ya bar shi ya gyara. Aaron Beck, a shekarun 1960, ya koya wa majinyata su rarrabe abin da ya faru, da tunanin da ya zo musu, da abin da suka ji, domin sau da yawa fassarar da aka yi wa abu ce ke haifar da ƙuncin. A 1962 Stanley Schachter da Jerome Singer suka yi wa ɗalibai allurar sinadarin da ke sa zuciya bugawa da sauri, suka ba da rahoton cewa waɗanda ba a gaya wa tasirin allurar ba sun fi karkata ga fassara bugun zuciyar da yanayin wanda ke zaune kusa da su, murna ko fushi. Gwaje-gwajen da suka biyo baya ba su tabbatar da sakamakon gaba ɗaya ba, amma ra'ayin cewa jiki ne ke motsi, hankali ya raɗa suna, ya zauna. A farkon shekarun 1970 Peter Sifneos ya ƙirƙiro kalmar alekzitimiya don masu wahalar gane abin da suke ji da kuma faɗarsa.

A Afirka ta Yamma, Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abeokuta a 1954, inda masu lalurar ƙwaƙwalwa ke zama da danginsu a cikin gari, Henri Collomb kuma ya bi irin wannan hanya a asibitin Fann na Dakar daga ƙarshen shekarun 1950. Dukansu biyu sun ɗauki bayanin dangi da na masu maganin gargajiya da muhimmanci.

Binciken ƙwaƙwalwa

A 2007 Matthew Lieberman da abokan aikinsa a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles suka nuna wa mutane hotunan fuskoki masu fushi ko tsoro yayin da na'ura ke ɗaukar hoton ƙwaƙwalwarsu. Duk lokacin da mutum ya zaɓi kalmar da ta dace da fuskar, aikin amigdala, ɓangaren da ke saurin amsa barazana, yakan ragu. A 2012 aka gwada masu tsoron gizo-gizo: waɗanda suka riƙa faɗin tsoronsu a fili yayin da suke matsowa kusa da shi, bayan mako guda zufar hannunsu, wadda alamar tsoro ce, ta fi ta sauran raguwa.

Kalmomin Hausa da shingen da ke gabansu

Hausa ba ta da ƙarancin kalmomi a nan. Tana ajiye abin da ake ji a sassan jiki: farin ciki da baƙin ciki, ɓacin rai, faɗuwar gaba, tashin hankali, sanyin jiki, tafasar zuciya. Akwai kuma bambance-bambancen da mai jinya ke bukata ƙwarai. Mai fushi yana da wanda zai tunkara. Mai takaici an yi masa abu ne ba shi da yadda zai yi. Haushi ya fi sauƙi, ya fi saurin wucewa. Zullumi na abin da ake jira ne, firgita ta abin da ya riga ya auku ce, da-na-sani kuma mutum da kansa yake tuhuma. Matar da aka yi wa kishiya tana iya cewa "raina a ɓace yake", alhali a ƙarƙashi akwai kishi, da tsoron makomar ƴaƴanta, da kunyar idon dangi, kuma kowannensu da irin maganar da yake nema.

Shingen yana wurin tarbiyya. Kunya da haƙuri da kawaici suna cikin halayen da ake auna mutumin kirki da su. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, gaisuwa ma amsarta a shirye take: lafiya lau, ba gajiya, da sauƙi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, a gidaje da yawa kuma ba a so a ga ta nuna damuwa da shi a fili, don haka idan ya rasu takan haɗiye abin da ya fi ƙarfin haɗiya. "Yi haƙuri" magana ce ta alheri, amma idan ta zo kafin mutum ya gama faɗin abin da ke ransa, takan rufe zancen. Masu jinya da suka san al'adar ba sa yaƙi da haƙuri. Sukan tuna wa mutum cewa Annabi Yaƙub, wanda ya ce zai yi kyakkyawan haƙuri, shi ne kuma ya ambaci ƙuncinsa da baƙin cikinsa da sunansu a gaban Ubangijinsa, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf.

Ga misalin yadda zama kan kasance. Dattijuwa ta zo da ƙorafin cewa ƙirjinta ya yi nauyi, barci ya ƙi. An auna jini, an duba zuciya, ba a ga komai ba. Ma'aikaciya ta ce, "Inna, nauyin nan yaushe ya fi taso miki?" Ta ce bayan isha'i, idan gida ya yi tsit. "A lokacin wa ke faɗo miki a rai?" Sai ta ambaci ɗiyarta da ta tafi neman abinci arewa, watanni ba labari. "Inna, kewarta ce ta fi yawa, ko tsoron abin da zai same ta?" Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ɗiyata, ni na ce mata ta tafi." Abin da ke cinta ashe tuhumar kai ce. Da ma'aikaciyar ta yi saurin cewa "kewa ce", da tsohuwar ta amsa don girmamawa, ta koma gida da nauyinta. Wannan ne ya sa ake so sunan ya fito daga bakin mai ciwon, mai jinya ya tsaya a tayi da tambaya.

Ma'ana

Suna ɗaya na iya ɗaukar ma'anoni daban-daban. Wani zai ce jarrabawa ce daga Allah, wani ya ce sammu ne ko iska, wani ya ce tunani ne ya yi yawa. Ma'anar ce ke nuna ƙofar da za a fara bugawa: ta malam don rubutun sha da ruƙiyya, ta boka, ta ƴan bori, ko ta likita. Arthur Kleinman, a ƙarshen shekarun 1970, ya ba likitoci shawarar su tambayi majinyaci me yake kiran ciwonsa, me yake ganin ya kawo shi, me ya fi tsoro game da shi. Koken yawan tunani ba na Hausawa kaɗai ba ne. Ƴan Shona na Zimbabuwe suna da irinsa, a kansa ne ma Dixon Chibanda ya gina shirinsa da ke horar da tsofaffin mata su zauna a benci kusa da asibiti suna sauraron masu damuwa.

Halin da ake ciki a Damagaram

Ƙwararrun lafiyar ƙwaƙwalwa ba su da yawa a Nijar, mafi yawansu kuma suna Yamai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da wani shiri a 2008 na horar da ma'aikatan lafiya na gama-gari kan wannan fanni. Bukatar ta ƙara fitowa fili bayan mutuwar mutum 92 da ƙishirwa a hamada kan hanyar Aljeriya a Oktoban 2013, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, da kuma gudun hijirar da hare-haren Diffa suka haddasa daga 2015. Majinyaci kan yi bayani da Hausa, a rubuta takardarsa da Faransanci, a tsakanin nan kuwa takaici da ƙunci da zullumi kan dunƙule su koma kalma guda.

Saɓani

Masana sun saɓa kan asalin halayen zuciya. Paul Ekman ya ce akwai ƴan halayen zuciya na asali da duk ɗan'adam ke nunawa a fuska iri ɗaya. Lisa Feldman Barrett ta ce harshe da al'ada suna cikin abin da ke gina su. Ba a daidaita ba. Wasu masana kuma na gargaɗin cewa nanata sunan damuwa ba tare da wani mataki ba kan koma saƙe-saƙe, kuma dabarar ba ta maye gurbin magani ga mai tsananin ciwo ko mai tunanin halaka kansa, wanda ya kamata a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba.