Waiwaye: Daga Kogon Hira zuwa Andalus

Duk wanda ya duba taswirar farkon Musulunci, saurin al'amarin ne zai fara ba shi mamaki. A shekarar 610 Miladiyya wahayi ya fara sauko wa Annabi Muhammadu (SAW) a Kogon Hira, yana da shekara arba'in. Zuwa 711, Ɗariƙu bin Ziyad ya haye teku ya shiga Andalus, wato yankin Spain ta yau. Shekara ɗari da ɗaya ke nan kacal. Sai dai taswira iyakar mulki take nunawa. Shigar addinin zukatan mutane tafiya ce dabam, wadda ta fi wannan jinkiri nesa ba kusa ba.

Kiran Makka gajere ne: Allah ɗaya ne, akwai tashi bayan mutuwa da hisabi, maraya da miskini suna da haƙƙi. Ga Ƙuraishawa kuwa maganar ta taɓa hanyar cin abinci, domin gumakan da ke kewaye da Ka'aba su ke jawo ƙabilu da kasuwarsu kowace shekara. Manya suka toshe kunne, fushinsu ya sauka kan marasa gata. Umayya bin Khalaf yakan kwantar da bawansa Bilal a rairayi da tsakar rana, ya ɗora masa dutse a ƙirji, shi kuwa ba ya cewa komai sai "Ahad, Ahad". Da azaba ta yi yawa, wajen 615 wasu suka yi ƙaura zuwa Habasha, inda Najashi, sarki Kirista, ya saurari Suratu Maryam daga bakin Ja'afar bin Abi Ɗalib ya kuma ƙi miƙa su ga manzannin Makka. Wato Musulunci ya taka ƙasar Afirka kafin ya isa Madina.

A ganina, labarin da ba a cika ba shi haƙƙinsa ba shi ne na Mus'ab bin Umair. Bayan mubaya'ar Aƙaba ta farko, shi aka tura Yasriba (tsohon sunan Madina), garin da gabar ƙabilun Ausu da Khazraj ta gajiyar, don ya koyar da Alƙur'ani. Wata rana Usaidu bin Hudair, ɗaya daga manyan garin, ya nufo shi da mashi a hannu don ya kore shi. Mus'ab ya roƙe shi ya zauna ya saurara tukuna, in bai gamsu ba a daina. Usaidu ya kafa mashin a ƙasa ya zauna, bai bar wurin ba sai da ya musulunta. Sa'adu bin Mu'azu ya biyo baya, danginsa suka bi shi. Kafin Hijira ta 622, an riga an share fage ba tare da an zare takobi ba.

A Madina ne addinin ya zama tsarin al'umma: aka juya alƙibla zuwa Ka'aba, aka wajabta azumin Ramadan, aka tsara zakka. Sai Badar a 624, sulhun Hudaibiyya a 628, buɗe Makka a 630, wafatin Annabi (SAW) a 632.

Halifofi suka tarar da Rum da Farisa sun gama raunata juna da yaƙi. Yaƙin Yarmuk na 636 ya buɗe Sham, na Ƙadisiyya ya karya Farisa, Amru bin Asi ya shiga Masar. Amma mayaƙan sansanoninsu suka zauna, irin su Basra da Kufa da Fusɗaɗ. Kiristoci da Yahudawa da Majusawa suka ci gaba da addininsu suna biyan jiziya, harajin da ake ɗora wa waɗanda ba Musulmi ba. Har a zamanin Banu Umayya wasu gwamnoni, don gudun kada baitulmali ya rame, suka riƙa karɓar jiziya daga waɗanda suka musulunta, sai da Umar bin Abdul'aziz (717 zuwa 720) ya hana. A Masar an ɗauki ƙarnuka kafin Musulmi su zama mafi rinjaye.

Wurare da dama kuma ba su taɓa ganin rundunar halifa ba. Fatake da malamai ne suka kai addinin gaɓar gabashin Afirka, da ƙasashen kudu da Sahara, da tsibiran Indunusiya, wasu a jirgin ruwa, wasu a bayan raƙumi.