Masu son buɗe masaukin alfarma a karkara, ga amsoshinku

Ɗakuna nawa zan fara da su?

Shida, in ka matsa takwas. Mai kuɗi shiru ya zo saya, in cunkoso yake so ai da bai baro birni ba.

Dole ne in gina wurin ninƙaya?

A'a. Haƙa rijiyar burtsatse tukuna, a kai ruwan a gwada, ka ga ko tana kai ƙarshen rani. Kullum sai wannan tambayar, ba mai tambayar inda ruwan banɗaki zai tafi.

Mai filin ya ce mu yi da baki, amana ce.

Kar ka soma. Takarda, lauya, awon iyaka, har da hanyar da mota za ta bi ta shigo, don sau da yawa wannan hanyar a gonar wani take.

Sola kaɗai ya isa ko sai da janareta?

To, nan kam ya danganta. In fitila ne da fanka da firij da famfon ruwa, sola zai ɗauka ba matsala, musamman in da rana kake tura ruwa tanki. Inda ake shan wahala shi ne na'urar sanyaya ɗaki, ƙarama ɗaya tana jan wajen kilowat 1, ka lissafa ɗakuna shida duk a kunne cikin dare, ba rana, batir ne kawai ke aiki. Batirin dalma ba a son a zuƙe shi fiye da rabi, na litiyam yana jure kashi 80 zuwa 90 amma da tsada a farko. Sannan ga damina, hadari zai iya rufe sama kwana biyu uku. Ni dai shawarata ka ajiye janareta, amma nesa da ɗakuna, a cikin gini mai toshe ƙara, don baƙon da ya biya ya ji kukan tsuntsaye ba zai yafe maka rugugin inji ba. In wurin mai sanyi ne kuma ginin na shan iska, wataƙila ka tsira ba na'urar sanyaya ɗakin ma. Kira injiniya ya auna kafin ka sayi komai.

Ina zan samu baƙi?

Shafukan kama masauki na intanet irin su Booking.com da Airbnb, sai kuma Instagram. Kamashon Booking.com da Airbnb yakan kai wajen kashi 15 cikin 100, sa shi a lissafi. Kuma kwantar da hankalinka, shekarar farko ɗakuna za su sha kwana ba kowa, haka abin yake.

Ma'aikata fa, in kwaso daga birni?

Manaja da kuku ƙila. Sauran ɗauki 'yan ƙauyen ka koya musu, su suka san inda hanya ke yankewa in an yi ruwa.