Ziyarar Ibada ta 'Yan Katolikan Damagaram

Ziyarar ibada tafiya ce da mabiya ɗarikar Katolika ke yi zuwa tsofaffin majami'u da kaburburan waliyyai domin addu'a da neman gafara. Ba farilla ba ce kamar yadda hajji yake ga Musulmi. Mai hali ya je, marar hali babu laifi a kansa. A Damagaram Kiristoci tsiraru ne, kuma 'yan Katolikan birnin suna ƙarƙashin bishop na Maraɗi, yankin da aka ba shi nasa bishop a 2001.

Daga cikin wuraren da ake zuwa ta mota akwai kogon Maryamu na Dassa-Zoumé a ƙasar Benin, inda ake taruwa duk watan Agusta. Akwai kuma babbar majami'ar Yamusukro a Kodebuwa, wadda Fafaroma John Paul na II ya keɓe a 1990. Tagoginta na gilashi masu launi ne, kuma a ɗaya daga ciki an zana shugaban ƙasar na lokacin, Houphouët-Boigny, wanda ya gina ta, kusa da Yesu.

Amma babban buri shi ne Roma. Majami'ar Waliyyi Bitrus, da aka keɓe a 1626, an ɗora ta ne a inda Kiristoci suka yi imani an binne Bitrus, almajirin Yesu. Da shigarka, a hannun dama, akwai sassaƙen marmara da Michelangelo, masassaƙi kuma mai zane ɗan Italiya, ya kammala a 1499: Maryamu riƙe da gawar ɗanta a cinya. Michelangelo ne kuma ya yi zanen rufin ɗakin Sistine daga 1508 zuwa 1512, ɗakin da ake zaɓen fafaroma. Duk bayan shekara 25 ana yin shekarar afuwa a buɗe ƙofofi masu tsarki. Ta ƙarshe an yi ta a 2025.

Wanda ya tashi a unguwar Birni ko Zango a Damagaram, inda adon masallaci da na soro zayyana ce marar siffar mutum, dole ya tambaya ko girmama waɗannan hotuna da sassaƙe-sassaƙe ba bautar gumaka ba ce. Kiristocin zamanin da su ma sun yi rikici sosai a kan haka, har taron bishop-bishop na Nikiya a 787 ya yanke cewa ana girmama hoto saboda wanda yake wakilta, bauta kuwa ta Allah ce shi kaɗai. A zamanin da yawancin mutane ba su iya karatu ba, a jikin bango da tagogi suke ganin labaran Littafi Mai Tsarki.