Zuba Jari a Gidajen Zama da Aiki da 'Yan Kwangilar Gyara

Zuba jari a gidajen zama shi ne sayen gida ba don mai saye ya zauna a ciki ba, sai don ya zuba 'yan haya ko ya gyara ya sayar da riba. Gidan da ake samu da sauƙin farashi galibi tsoho ne, ko wanda aka yi wa riƙon sakainar kashi, shi ya sa wannan harka ba ta rabuwa da ɗan kwangilar gyara. Riba ko asara tana fitowa ne daga wurare biyu: farashin da aka sayi gidan, da yarjejeniyar da aka ƙulla da mai gyara.

Lissafi kafin saye

Ana auna ribar haya ta hanyar raba kuɗin hayar shekara da jimillar abin da gidan ya ci, a ninka da 100. Jimillar ta haɗa kuɗin saye, la'adar dillali, kuɗin lauya da na rajista, da gyara. A ce gida ya ci 1,000, hayarsa 80 a shekara, ribar kashi 8 ke nan a takarda. Amma da sauran rina a kaba: akwai haraji, inshora, ƙananan gyare-gyare, da watannin da gida zai zauna babu kowa. Wata guda ba ɗan haya yana cinye kusan kashi 8 cikin 100 na hayar shekara. In waɗannan suka kwashe 25, abin da ya rage 55 ne, wato kashi 5.5. Wanda ya ci bashi da kuɗin ruwa sama da haka, banki yake yi wa aiki.

Masu saye su gyara su sayar a Amurka suna da ma'aunin da suke kira dokar kashi 70: kada a biya fiye da kashi 70 na darajar gidan bayan gyara, sannan a debe kuɗin gyaran. Gidan da zai kai 1,000 in an gama, gyaransa kuma 150, ba a sayensa sama da 550. Ratar da ta rage ba riba ba ce zalla, a cikinta ake biyan la'ada, kuɗin ruwa da jinkiri. Dogaro da cewa gida ba ya faɗuwa kuskure ne. Tsakanin 2006 da 2012 farashin gidaje a Amurka ya sauka da sama da kashi ɗaya cikin huɗu.

Duba gidan

Takardu ne farko. Lauya ya bincika a ofishin rajistar filaye cewa mai sayarwa shi ne mai gida, kuma ba a jinginar da shi ba, babu rigimar gado a kansa.

Sai ginin, kuma nan injiniya ake kira, ba ɗan kwangilar da ke neman aikin ba. Siririyar tsaga a filasta ba abin damuwa ba ce. Wadda ta wuce milimita 5, ko ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, ko ta bi layin bulo kamar matakala, tana iya nuna harsashi yana motsi. Gwajinta ba wuya: a shafa ɗan filasta a kan tsagar, a rubuta kwanan wata a gefe, a dawo bayan 'yan makonni. In shafen ya rabe, ginin bai daina zama ba. Farin gishiri da ɓarewar fenti a ƙasan bango alamar danshi ne mai hawowa daga ƙasa, fenti kuma ba ya maganinsa. Sabon fenti a bango guda cikin tsohon gida abin zargi ne. A leƙa saman silin da tocila a ga katakon rufi, a soka masa sukudireba; in ya shige cikin sauƙi, gara ko ruɓa ta gama da shi. Tsofaffin gidaje kan ƙunshi asbestos (wani ma'adini mai zare-zare da ake haɗawa cikin kayan gini) a rufi da silin, wanda Birtaniya ta haramta gaba ɗaya a 1999, da fenti mai dalma, wanda Amurka ta hana a gidajen zama a 1978. Fasa su ko goge su ba kariya yana cutar da lafiya.

Zaɓen ɗan kwangila da yarjejeniya

Kafin a nemi farashi, mai gida ya rubuta aikin ɗaki bayan ɗaki: murabba'in mita nawa na tayil, fenti shafe nawa, soket nawa, wane irin bututu. Wannan takarda guda ake ba mutum uku su yi farashi, in ba haka ba kowa abin da ke kansa zai lissafa, kwatanci ya gagara. Farashin da ya faɗo ƙasa da sauran sosai yakan nuna an tsallake wani abu, kuma za a dawo a karɓe shi a tsakiyar aiki, lokacin da rufi ke buɗe. A je a ga aikin da mutum ya gama shekara biyu baya. Sabon aiki kowa nasa yana kyau.

Kwangila iri uku ce. Akwai jinga, inda ake yanke kuɗi guda na kaya da aiki. Haɗarinta shi ne a rage ingancin kaya. Akwai biyan abin da aka kashe tare da kason ɗan kwangila, wadda ta dace da tsohon gini da ba a san abin da bango ya ɓoye ba, sai dai tana buƙatar rasit da iyakar kashewa. Akwai kuma kuɗin aiki kawai, mai gida ya sayo kaya, ya ɗauki nauyin tsaronsu.

Kowacce aka zaɓa, kuɗi ya bi bayan aiki. Kafin alƙalami kada ya wuce abin da zai sayo kayan matakin farko, sauran a biya mataki-mataki bayan an duba. Da zarar abin da aka biya ya zarce aikin da ke ƙasa, ɗan kwangila ba shi da abin da zai rasa in ya kwashe ma'aikatansa zuwa wani wuri. Duk canjin da aka yi a hanya a rubuta shi da farashinsa da kwanakin da zai ƙara, a sa hannu kafin a taɓa. A ware kashi 10 zuwa 20 na ko-ta-kwana, kuma ba dole ɗan kwangila ya san da shi ba.

Jerin aiki da inda yake lalacewa

Ana fara da rushe abin rushewa, sai harsashi da ginshiƙai, sai rufi, sannan bututun ruwa da wayarin, filasta, tayil, fenti a ƙarshe. Bango mai ɗauke da nauyin rufi ko bene ba a cire shi sai da lissafin injiniya da izinin hukuma. A ɗauki hoton bututu da waya kafin filasta ta rufe su.

Gaggawa ce ke kashe yawancin aiki. Kankare yana buƙatar ban-ruwa na aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Fenti a kan ɗanyar filasta kumbura yake ya ɓare. Bayan an shafa maganin hana yoyo a banɗaki, a toshe magudana, a tara ruwa na awa 24 zuwa 48 kafin a sa tayil. Inda wuta take bolt 230, waya mai kaurin murabba'in milimita 2.5 ake ja wa soket, 1.5 kuma ta fitila. Mai neman ragi yakan yi duka da ƙaramar, waya ta riƙa zafi a cikin bango. Tayil kuwa a sayo da rarar kashi 10, don launin wani zubin ba lallai ya zo ɗaya ba.

Ranar karɓar aiki a zaga da takarda. A ƙwanƙwasa tayil da kan makulli, wanda ya yi ƙara kamar ganga babu siminti a ƙarƙashinsa, zai fashe. A zuba bokitin ruwa a banɗaki a ga ko ya nufi magudana, a buɗe kowace ƙofa, a gwada kowane soket. Ana riƙe kashi 5 zuwa 10 na kuɗin kwangila na tsawon wata 6 zuwa 12, a saki cikon bayan rufin ya ga ruwan sama kuma an gyara duk abin da aka lissafa.