Warin Hayaƙi Ba Ya Tada Mai Barci

Mutane da yawa sun daɗe da sakankancewa cewa idan wuta ta kama cikin dare, warin hayaƙi zai farkar da su kafin abin ya yi ƙamari. Da wannan tunani ake kwanciya lokacin sanyi a bar hita a kunne dab da gado, ko garwashi a ɗaki, a rufe ƙofa da taga ruf.

Gaskiyar magana, hanci ba ya gadi idan barci ya yi nauyi. Ƙara tana iya tada mutum, amma wari ba kasafai ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne iskar kabon monoksaid da wuta ke fitarwa, wadda ba ta da launi balle wari. Ta fi iskar oksijin kama jini sau fiye da 200, sai barci ya ƙara zurfi, gaɓoɓi su saki, mutum ya kasa ko ɗaga kai. Shi ya sa yawancin waɗanda gobara ke halakawa hayaƙi ne ajalinsu tun kafin harshen wuta ya iso gare su.

Garwashin da toka ta lulluɓe ma bai mutu ba. Sama fari fat, ka tona ka ga ciki jajir, gefen bargo kawai yake jira.

A bar tazarar aƙalla mita 1 tsakanin hita da labule ko katifa, a kashe ta kafin a kwanta, a fitar da garwashi waje. Wanda ya samu na'urar ƙararrawar hayaƙi ya kafa ta kusa da ɗakin barci, ya riƙa gwada ta kowane wata.