Kiɗan Tunawa na Sarewa da Fiyano

Kiɗan tunawa na sarewa da fiyano reshe ne na kiɗan zaure irin na Turai, wato kiɗan da ake rubuta wa makaɗa 'yan kaɗan ba tare da madugu a gabansu ba. Mai tsara kiɗa ne ke rubuta shi don girmama abokin sana'arsa da ya rasu, malaminsa ne, ko amininsa, ko wanda ya yi koyi da shi. Galibi gajere ne, kuma mutum biyu ne ke yin sa: mai busa da mai fiyano.

Tarihi

Al'adar ta girmi sarewar zamani nesa ba kusa ba. A Faransa ta ƙarni na 17 makaɗan lut (wani kayan kiɗa mai tsirkiya kamar garaya) da na hafsikod (magabacin fiyano) sukan rubuta wa mamaci kiɗan da suke kira tombeau. Ana lissafa wanda Ennemond Gaultier ya yi wa René Mesangeau, wanda ya rasu wajajen 1638, cikin na farko-farko. Da makaɗin lut Blancrocher ya faɗo daga matakala ya rasu a 1652, Froberger da Louis Couperin duk sun rubuta masa. Na Froberger ya ƙare da jerin sautuka masu gangarowa ƙasa, abin da ake ɗauka hoton faɗuwar ne.

Bayan dogon shiru, al'adar ta farfaɗo a ƙarni na 20. Debussy ya rasu a 1918, sai mujallar La Revue musicale ta tattaro masu tsara kiɗa goma a Disambar 1920, cikinsu har da Ravel, Stravinsky, Bartók, Falla, Satie da Dukas, kowa ya kawo nasa. Dukas ya rubuta wa fiyano ne, amma ya aro karin sarewar nan da ke buɗe Prélude à l'après-midi d'un faune na Debussy, ya sa shi yana zuwa kamar daga nesa. Daga baya aka mayar da shi na sarewa da fiyano, kuma masu busa sun riƙe shi hannu biyu-biyu.

Haka aka maimaita da Stravinsky ya rasu a Afrilun 1971: mujallar Tempo ta Ingila ta buga gajerun kaɗe-kaɗen tunawa tsakanin 1971 da 1972. A nan ne tushen ...explosante-fixe... na Boulez, wanda daga baya ya zama babban aiki da sarewa ke jan ragamarsa. Copland ma ya yi wa Stravinsky makoki da sarewa da kayan goge uku.

Abin lura shi ne, biyu daga cikin fitattun ayyukan tunawa na sarewa da fiyano ba masu tsara kiɗa aka yi wa ba. Sonatar Poulenc ta 1957, wadda shi da Jean-Pierre Rampal suka fara gabatarwa a Strasbourg, ta tunawa da Elizabeth Sprague Coolidge ce, Ba'amurkiya mai ɗaukar nauyin kiɗan zaure. Duo na Copland na 1971 kuwa na William Kincaid ne, babban mai busa na ƙungiyar makaɗan Philadelphia. Da Poulenc ya tashi tuna abokan sana'arsa, wasu kayan busa ya ɗauka: kilarinet ya zaɓa wa Honegger, obo kuma wa Prokofiev.

Yadda ake saka mamacin cikin kiɗan

Hanyoyi uku ne suka fi yawa: a ɗauko ɗan guntun karinsa, ko a kwaikwayi salonsa, ko a mayar da haruffan sunansa sautuka. Ta ukun ta fi buƙatar lissafi. Da haruffa ake kiran sautukan kiɗa, kuma a tsarin Jamusawa harafin B na nufin B-filat (sautin da ke ƙasa da B da rabin taki), H na nufin B, S kuma E-filat. Shi ya sa sunan Bach ke ba da B-filat, A, C, B, tambarin Shostakovich kuma, DSCH (farkon haruffan sunansa a rubutun Jamusanci), ke ba da D, E-filat, C, B.

Nan iyakar kayan busar ke bayyana. Sarewar da Theobald Boehm ya tsara a 1847 tana farawa ne daga C na tsakiya, ta hau kimanin oktaf uku (oktaf shi ne tazarar taki takwas, kamar daga C zuwa C na gaba). Mai son DSCH a can ƙasa, inda muryar ta fi duhu, dole ya samu sarewa mai ƙafar B, wato mai ƙarin tsawo da ke kai ta B, don sautin ƙarshe yana ƙasa da C. BACH kuwa ba ya samuwa a wannan gurbin sam, sai a ɗaga shi oktaf guda ko a koma ga sarewar alto, wadda take ƙasa da taki huɗu.

Ɗauko karin wanda bai daɗe da rasuwa ba yakan buƙaci izini, domin a Tarayyar Turai haƙƙin mallaka yana kai shekara 70 bayan mutuwa.

Matsalolin gabatarwa

Kayan biyu ba halinsu ɗaya ba, kuma a nan ne kyawun haɗin yake. Sautin fiyano yana fara mutuwa ne tun daga bugun farko; na sarewa yana raye muddin akwai numfashi. Kiɗan makoki ya dogara da wannan bambanci, amma shi ne kuma ke wahalar da makaɗan.

Babbar matsala ita ce daidaiton sauti. An ɗaure sautin A na fiyano a girgiza 440 ko 442 cikin daƙiƙa, ba ya motsi. Sarewa kuwa takan sauka idan an sassauta busa ko bututun ya yi sanyi, ta hau idan an ƙarfafa ko ta ɗumama. Kiɗan tunawa cike yake da dogayen sautuka marasa ƙarfi da ke biyo bayan shiru mai tsawo, daidai inda sarewa ke sauka. Maganinsa: a hura iska mai ɗumi cikin bututun a ɓoye kafin shigowa, idan sauti ya zo ƙarewa kuma a ɗan turo leɓen ƙasa gaba a ɗaga iskar sama. Tura kan sarewa ciki don gyara sauti ɗaya kuskure ne, don yakan ɓata sauran.

Sai nauyin murya. Oktaf na ƙasa na sarewa ba shi da ƙarfi, fiyano yana haɗiye shi da zarar hannun dama ya shiga gurbi ɗaya da shi. Rufe murfin fiyano ba ya warkar da wannan, sai ma ya dushe sautin. Gara a buɗe, mai fiyano ya rage nauyin hannu da taka feda.

Masu rubutun zamani suna amfani da busa mai yawan iska, da sautuka biyu a busa ɗaya, da ƙarar maɓallai, da siririn fito da ba a ji sai zaure ya yi tsit. Akwai kuma dabarar da mai fiyano zai danne fedar dama ba tare da ya taɓa komai ba, mai busa ya karkato ya busa cikin fiyanon, wayoyin su amsa da kansu. Idan ya tsaya nesa, ko murfin bai buɗe sosai ba, amsar ba ta kai layin baya na masu sauraro.

Saɓani

An bambanta kan ko dole kiɗan tunawa ya kasance mai baƙin ciki. Masu cewa a'a sukan kafa hujja da Le Tombeau de Couperin na Ravel, wanda ya kammala a 1917, da yawancinsa kiɗan rawa ne duk da an sadaukar da shi ga abokansa da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya.